Na bi darasin harafi-harafi, amma launin ya fito fari fat

Wasiƙun da suka taru wannan karon yawancinsu daga masu koyon haɗa wasannin kwamfuta da na waya ne, irin waɗanda ake zanawa a shimfiɗe kamar karta, dara ko wasan tsalle-tsalle. Wasu na shirin kashe kuɗi a kan kwas, wasu a kan kwamfuta, wani kuma a kan wasan da aka riga aka gina. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani fiye da mai tambayar.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon LÖVE, manhajar haɗa wasanni, ta wani bidiyo a YouTube. Duk abin da mai darasin ya rubuta na kwafa harafi-harafi, amma shi akwatinsa ruwan ƙasa ya fito, nawa kuwa fari fat. Da na kai wurin saka sauti kuma sai allo ya koma shuɗi da rubutu a kai. Abokina ya ce kwamfutata ce ta tsufa, in nemi wata. Wani kuma ya ce in sauke tsohuwar sigar da mai bidiyon ke amfani da ita. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka fitar da ko sisi, kwamfutarka ba ta yi laifin komai ba. Abin da ya same ka ya samu kusan duk wanda ya fara LÖVE da darasin da aka naɗa kafin 2018.

Har zuwa sigar 0.10.2, wadda ta fito a 2016, LÖVE tana auna launi ne daga 0 zuwa 255. Ja, kore da shuɗi, kowanne ka ba shi lamba a tsakanin nan. A watan Afrilun 2018 aka fitar da sigar 11.0, aka mayar da ma'aunin daga 0 zuwa 1. Sunan umarnin bai canza ba, har gobe love.graphics.setColor ne, shi ya sa manhajar ba ta yi maka ƙorafi ba. A ce mai bidiyon ya rubuta setColor(200, 120, 40) ya samu ruwan ƙasa. Kai da ka rubuta haka a siga 11, sai ta duba ta ga 200 ya wuce 1, 120 ya wuce 1, 40 ma ya wuce 1, ta ɗauki kowanne a matsayin cikakke. Cikakken ja da cikakken kore da cikakken shuɗi kuwa in sun haɗu a allo fari suke bayarwa.

Abin da ke ƙara rikita mai koyo shi ne wasu launukan suna fitowa daidai. Ka rubuta setColor(255, 0, 0), ja ne a tsohuwa, ja ne a sabuwa, domin sifili bai canza ba. Sai mutum ya ga ja ya yi, baƙi ya yi, fari ya yi, amma ruwan ƙasa da ruwan toka sun ƙi, ya fara zargin allonsa. Haka lamba ta huɗu, wadda ke sa hoto ya zama shara-shara ana hango abin da ke bayansa. A da 128 na nufin rabi, yanzu duk abin da ya kai 1 cikakke ne, sai inuwar da aka so ta yi sauƙi ta rufe wasan ruf.

Gyaran ba shi da wuya. Ka raba kowace lamba da 255, wato setColor(200/255, 120/255, 40/255), ko ka rubuta 0.78, 0.47 da 0.16 kai tsaye. Daga sigar 11.3 ta 2019 an ƙaro love.math.colorFromBytes, wanda zai karɓi tsofaffin lambobin ya mayar maka da su sababbi, don kada ka zauna kana lissafi.

Shuɗin allon nan ba lalacewa ba ne, shi ne yadda LÖVE ke gaya maka inda ta tsaya. Ka karanta shi, zai faɗi sunan fayil da lambar layi. A wurin sauti, tsohuwar siga tana yarda ka rubuta love.audio.newSource da sunan fayil kaɗai. Sabuwa ta ce dole ka ƙara kalma ta biyu: "static" ga gajeren sauti kamar ƙarar tsalle ko ta cin maki, wanda za a loda shi gaba ɗaya a ajiye, ko "stream" ga dogon kiɗan da za a riƙa karantowa kaɗan-kaɗan. Ƙara wannan kalma ɗaya, shuɗin allon ya tafi. Nan gaba a darasin za ka iya cin karo da love.filesystem.exists, wanda getInfo ya maye gurbinsa. In kuma ka faɗa kan darasin da ya girmi sigar 0.10.0 ta ƙarshen 2015, akwai tarko biyu masu shiru: maɓallin hagu na maus a da "l" ake kiransa, yanzu 1 ne, na dama kuma 2, dogon maɓallin tazara a da ana rubuta shi da fili tsakanin alamun zance, yanzu "space" ne. Waɗannan ba sa kawo shuɗin allo a yawancin lokuta, kawai ka danna ne ka ga ba abin da ya motsa.

Batun wanne za ka bi, ni ina ganin ka tsaya a kan 11.5 ta Disambar 2023. Komawa 0.10.2 zai sa bidiyon ya yi maka daidai yau, amma ran da ka nemi taimako ko ka ɗauko kod ɗin wani don ya sauƙaƙa maka aiki, za ka tarar mutane sun daɗe da barin can. Ka ci gaba da bidiyon in kana jin daɗin koyarwarsa, amma ka buɗe shafin bayanan LÖVE a gefe. Duk umarnin da aka ƙaro ko aka cire, suna rubuta lambar sigar a saman shafinsa. Mai koyon da ya saba duba wannan wuri ya fi wanda ya haddace darasi goma.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Katsina: Malam, na ga wani kwas na LÖVE an yi masa ragi sosai, amma a 2017 aka naɗa shi. Da dala ake biya, kuma ka san yadda canji yake. An ce da tsohuwar zuma ake magani. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, in yanzu kike farawa, kada ki saya. Kwas na 2017 a kan 0.10 aka yi shi, duk abin da na lissafa wa ɗan'uwanmu na Zariya zai same ki, kuma a lokacin da ba ki iya bambance kuskurenki da canjin siga ba tukuna. Nan ne mutane da yawa ke karaya su ce abin ba nasu ba ne, alhali babu abin da ya samu basirarsu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaran da suka bari a wannan gaɓa da wuya su dawo.

Ba wai tsohon kwas ba shi da amfani ba ne. Ƙashin bayan LÖVE bai motsa ba: love.load inda ake loda kaya sau ɗaya, love.update inda ake lissafin motsi, love.draw inda ake zanawa. Yadda ake ninka gudu da dt, wato lokacin da ya wuce tsakanin zane ɗaya da na gaba, don wasa ya tafi daidai a kwamfuta mai sauri da marar sauri, da yadda ake gane abu biyu sun yi karo, duk suna nan yadda suke. Ko kwas ɗin wasanni na CS50 na jami'ar Harvard da aka naɗa a 2018, a kan 0.10.2 aka yi bidiyoyinsa, kuma mutane sun ci gaba da ƙaruwa da shi bayan fitowar 11. Wanda ya riga ya san inda ramukan suke zai iya tsallake su ya kwashi ilimin. Ke ba ki kai nan ba, kuma abin da za ki fara da shi akwai shi kyauta a shafin manhajar.

In kika zo sayen wani kwas nan gaba, kada ki dogara da ranar da aka rubuta cewa an sabunta shi, domin sauya bidiyo ɗaya ko gyara rubutun talla na iya matsar da wannan rana. Ki buɗe bidiyon gwaji na kyauta, ki nemi inda malamin ya rubuta setColor. In kin ga 255, kin san shekarun kwas ɗin ba sai an gaya miki ba.

Ki kuma kula da littattafan Lua, yaren da ake rubuta wasannin LÖVE da shi. LÖVE tana tafiya ne a kan LuaJIT, wanda ya ginu a kan Lua 5.1. Littafin da aka rubuta don Lua 5.3 ko 5.4 zai koya miki raba lamba da alamar // don a zubar da ragowa, ki rubuta shi a LÖVE ki ga shuɗin allo. A can math.floor ake amfani da shi. Wannan karon littafin ne ya yi gaba, manhajar tana baya, don haka sabo ma ba kullum yake dacewa ba.

Tambaya, daga wani mahaifi a Kano: Malam, yarona ya gama sakandare, ya dage a kan koyon haɗa wasanni. Yana ambaton LÖVE da wani Godot. Na je kasuwa neman kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mai shagon ya ce sai irin ta 'yan gem mai katin hoto na musamman, wai sababbin sigogi ba sa aiki a kan ƙanana. Kuɗin ya ninka abin da na tanada. Gaskiya ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri da ka tsaya wa yaron. Maganar mai shagon akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma ba ta kai ka ninka kuɗinka ba.

LÖVE siga 11 abin da take nema wajen zane shi ne OpenGL 2.1 (OpenGL hanya ce da manhaja ke bi ta yi magana da katin hoto), wanda kusan duk kwamfutar da za ka samu a kasuwa yau ta wuce shi. Manhajar kanta 'yan megabayit ce. Kuma kada ƙanƙantarta ta sa a raina ta: Balatro, wasan kartar da ya fito a 2024 ya sayar da miliyoyin kwafi, da LÖVE aka gina shi.

Godot ne inda canjin siga ya taɓa batun kwamfuta da gaske. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, aka buɗe tushensa ga kowa a 2014. Siga ta 3 tana da hanyar zane mai sauƙi da ke aiki a kan tsofaffin kwamfutoci sosai. Siga ta 4 da ta fito a Maris 2023 ta zo da hanyoyi uku. Biyu, Forward+ da Mobile, an gina su ne don sababbin katuna masu Vulkan, wata sabuwar hanya irin OpenGL, ta ukun mai suna Compatibility kuma OpenGL 3.3 take nema. Wasan da ake zanawa a shimfiɗe, wannan ta ukun ta ishe shi. Abin da mai shagon ke kwatantawa na masu gina manyan wasanni ne masu zurfi da haske da inuwa, yaronka kuwa bai kai can ba, wataƙila ma ba can ya nufa ba.

Abin da za ka duba shi ne zamanin injin kwamfutar, ba sunan i5 ko i7 da aka manna a jiki kaɗai ba. A shiga bayanan kwamfutar a karanta cikakkiyar lambar. In an ga i5-2520M, lambar farko bayan layin ita ce zamani, wato na biyu, ƙirar 2011. Katin hoton wannan zamani a Windows ya tsaya ne a OpenGL 3.1, zai ɗauki LÖVE lafiya lau amma Godot 4 zai wahalar da shi. Daga zamani na uku zuwa sama an haye wannan shinge. In aljihu zai iya, ni zamani na takwas zan ce ka nema, irin su i5-8250U, saboda wani dalili dabam: Microsoft ta daina sabunta Windows 10 kyauta ga jama'a a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga wajen zamani na takwas take farawa. A haɗa da RAM gigabayit 8 da ma'ajiyar SSD. Rarar kuɗin ka sa shi a batir mai lafiya, domin da yanayin wutarmu, kwamfutar da ke riƙe caji ta fi wa mai koyo amfani a kan mai katin da ke shanye batir nan da nan. Irin ta 'yan gem an san su da wannan, ga zafi, ga nauyi.

Kafin ka biya, ka tafi da yaron. Ya sauke LÖVE da Godot 4 a filashi tun daga gida, dukansu akwai nau'in da ke buɗewa ba sai an girka ba. A shagon ya soka filashin, ya buɗe Godot, ya ƙirƙiri sabon aiki da Compatibility, ya ga ko zai buɗe ba tare da ƙorafin katin hoto ba. Ya cire caja ya bar ta tana aiki kuna ciniki, ku ga yadda cajin ke sauka. Mai kaya mai gaskiya ba zai hana wannan gwaji ba.

Gargaɗi ɗaya ga yaron kansa: in ya zaɓi Godot 4, ya guji darussan siga 3. Abin da ake kira KinematicBody2D ya koma CharacterBody2D, yield ya koma await, instance ya koma instantiate. Ko a cikin siga 4 ɗin, daga 4.3 ta 2024 an fara karkata daga TileMap zuwa TileMapLayer.

Tambaya, daga wani matashi a Kaduna: Malam, na kusa gama wasan dara a LÖVE 11.4, saura sauti da gyare-gyare. Yanzu ko'ina maganar siga 12 ake yi, wai da Vulkan da Metal. In dakata in mayar da aikina can, don kada in fitar da abin da ya tsufa tun ranar farko?

Amsa: Kada ka dakata, ɗan'uwa. Gama wasanka.

Vulkan da Metal hanyoyi ne da manhaja ke bi ta yi magana da katin hoto, Metal na na'urorin Apple ne. Suna da muhimmanci ga makomar LÖVE, musamman tunda Apple ta ayyana tun 2018 cewa ta daina ciyar da OpenGL gaba a na'urorinta. Amma allon dara da 'ya'yansa ba za su ƙara kyau ko sauri da ido zai gani ba don an canza hanyar. Mai wasa ba ya tambayar da wace siga aka gina abu, yana duba ne ko dokokin cin sun yi daidai da yadda ya san su a dandali, ko kwamfutar tana wasa da wayo.

Kuma tsoron da kake yi na tsufa bai taso ba, saboda yadda ake rarraba wasan LÖVE. A Windows ana haɗe love.exe da fayil ɗin wasanka mai ƙarewa da .love su zama fayil guda, a tura shi tare da fayilolin DLL da takardar lasisin da suka zo da sigar. Wanda ya karɓa yana buɗe sigar da ka naɗe masa a ciki ne, ko an fitar da sababbi nawa bayan nan. Haɗarin yana ga wanda ya raba fayil ɗin .love tsirara, domin shi kowa da sigar da ke kwamfutarsa zai buɗe shi. Ka kuma rubuta lambar sigarka a t.version cikin conf.lua, fayil ɗin saitin wasan. Ba zai sa sabuwar siga ta yi halin tsohuwa ba, amma zai sa ta gargaɗi mai buɗewa in an samu saɓani, kai ma bayan shekara biyu zai tuna maka da me ka yi aikin.

Daga 11.4 zuwa 11.5 ƙaramin mataki ne, yawanci gyaran tangarɗa, wannan kam ka yi shi. Ka kwafi jakar aikin gefe guda, ko ka adana a Git, manhajar riƙe tarihin canje-canjen aiki, in ka iya, ka gwada a kan kwafin, ka buga wasan daga farko har ƙarshe. Tsallake daga babbar lamba zuwa wata babbar lamba shi ne abin da ba a yi ana dab da gama aiki. Ba kod ɗinka kaɗai zai motsa ba, duk wani laburaren da ka aro daga wasu sai ka jira mai shi ya gyara, ko ka gyara da kanka.

Inda sabuntawa ke zama dole shi ne kantin Google Play. Buɗe asusun mai wallafa dala 25 ne sau ɗaya, amma sharuɗɗansu ba sa tsayawa wuri guda. Tun 2019 suke neman manhaja ta zo da nau'in 64-bit, tun Agustan 2021 sababbin manhajoji sai an naɗe su a tsarin fayil mai suna AAB, kuma kowace shekara suna ɗaga matakin Android da dole manhaja ta nufa. Saboda haka in waya ka nufa, ka ɗauki sabon ƙunshin Android na jerin siga 11, ka karanta sharuɗɗan kantin kafin ka biya kuɗin asusun, ba bayan ka biya ba.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Malam, ina so in koya wa ɗalibaina haɗa ƙananan wasanni da Python. Na ga pygame, na kuma ga pygame-ce. Kwamfutocinmu ba su da intanet sai in na kawo na wayata. Wanne zan ɗora?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Asalinsu ɗaya. Pygame ta fara tun 2000, siga ta 2 ta fito a Oktoban 2020, kuma an yi ƙoƙari sosai tsohon kod ya ci gaba da aiki. A 2023 wasu daga cikin masu aikin suka ware suka kafa pygame-ce, wadda ta fi yawan fitar da sabuntawa, ta kuma ƙaro abubuwa kamar FRect, akwatin da ke riƙe lamba mai ɗigo don motsi ya yi santsi. Ga darasin 'yan makaranta kowacce ta isa, ni dai pygame-ce zan ɗora don ta fi saurin bin sababbin sigogin Python.

Abin da zai cece ki daga ciwon kai ba zaɓin ba ne, daidaito ne. Kada ki ɗora su biyu a kwamfuta ɗaya, domin dukansu da import pygame ake kiransu, fayilolinsu na hawa kan juna. In akwai tsohuwa, a cire ta tukuna. Ki ɗora sigar Python iri ɗaya a duk kwamfutocin. Sannan a guda ɗaya mai intanet ki rubuta umarnin pip download pygame-ce, ki kwashe fayil ɗin a filashi ki bi sauran da shi. Fayil ɗin an gina shi ne don takamaimiyar sigar Python da nau'in Windows, shi ya sa daidaiton ya zama dole. Data sau ɗaya za ki kashe. Kada ki sabunta komai sai an yi hutu, don kada rabin aji su ga abu ɗaya rabi su ga wani a tsakiyar zango.

In an ba ki kyautar tsofaffin littattafai, ki duba yadda suka rubuta print. In babu baka biyu, wato ( ), a bayansa, na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun farkon 2020.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Jos: Malam, ina so a sa ɗan ƙaramin wasa a shafin kamfanina na intanet don jan hankalin masu saye. Wani yaro ya ce zai sayo wanda aka riga aka gina da Phaser da araha, ya canza hotuna ya sa tambarina. Wani kuma ya ce zai gina sabo, amma kuɗinsa ya fi. Ni ban san komai a harkar ba.

Amsa: Alhaji, tambaya ɗaya za ka yi wa na farkon: wace sigar Phaser ce a cikin abin da zai sayo? Phaser, wadda Richard Davey na Ingila ya fara a 2013, wasannin burauza ake yi da ita. A Fabrairun 2018 aka fitar da siga ta 3, kuma ba kwaskwarima aka yi wa ta 2 ba, sake rubuta ta aka yi daga tushe. Tsarin da ake kira State ya koma Scene, an cire wasu injinan lissafin karo an kawo wani, har wurin da ake riƙe hoto ya tashi daga kusurwar hagu ta sama ya koma tsakiya. Mayar da wasa daga 2 zuwa 3 kusan sake gini ne. Da yawa daga cikin wasannin da ake sayarwa da araha tun zamanin siga 2 suke, da ita ko da reshenta mai suna Phaser CE.

Wannan ba ya nufin ba za su yi aiki ba. In tallan wata ɗaya ko biyu kake so, na Sallah misali, a canza hotuna a sa tambari a sauke bayan biki, tsohon ya isa, kada ka biya kuɗin sabo. In kuwa kana so ya zauna a shafin shekara da shekaru ana ƙara masa matakai da kyaututtuka, to a gina a kan siga 3 ko abin da ya biyo bayanta, domin masu iya gyaran siga 2 kullum raguwa suke yi, kuma ran da wannan yaron ya samu wani aiki ya tafi, wani za ka nema.

Gane sigar ba sai ka iya kod ba. Ka ce ya buɗe wasan a Chrome a gabanka ya danna F12, a sashen Console yawanci Phaser tana rubuta sunanta da lambar sigarta da kanta. In an ɓoye rubutun, ya rubuta Phaser.VERSION a wurin, ko ya nuna maka lambar a saman fayil ɗin Phaser da ke cikin aikin.

Ko wanne ka ɗauka, a rubuta a yarjejeniya cewa za a miƙa maka cikakken kod ɗin aikin da hotunan asali, ba dunƙulallen da aka ɗora a shafi kaɗai ba. Phaser kanta kyauta ce a ƙarƙashin lasisin MIT, babu wanda zai caje ka kuɗinta, amma wasan da aka sayo yana da nasa lasisin dabam, ka ce a nuna maka cewa ya halatta a yi kasuwanci da shi. Kuma kada ka biya cikon kuɗin sai ka gwada wasan a ƙaramar wayar Android irin ta yaran shagonka, a kan data ba Wi-Fi ba, tunda da irinta yawancin masu sayenka za su buɗe shi.